Ruwan da ya ci gidanmu ba daga kogi ya zo ba

Mu mutanen gefen Dadin Kowa ne a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, in ka taso daga Gombe ka kama hanyar Biu tafiyar kilomita kusan 40 ce, daga nan sai ka sauka a kwalta ka hau mashin ka nufi gindin duwatsun nan da suka jero daga Bima, to a nan ƙauyenmu yake. Duk wanda aka haifa a wajen da tsoro ɗaya yake tashi, tsoron kogin Gongola. Kogin nan ba ƙaramar tafiya yake sha ba kafin ya iso mu, daga tsaunukan Jos yake tasowa ya ratso jihar Bauchi ya sha kwana ta Nafada sannan ya gangaro kudu ya wuce mu ya bi ta Kiri ya je ya faɗa Binuwai a Numan, shi yasa ko ɗigo ba a yi a garinmu ba kana iya wayar gari ka ganshi ya cika ya yi jawur, ruwan wasu ne ya iso. Tunda aka gama dam ɗin Dadin Kowa a 1984 kuwa, in Agusta ta kama hirar majalisa ɗaya ce, ruwa ya kai ina, an buɗe ƙofa ko ba a buɗe ba. Marigayi Babanmu ma da gangan ya ja gidanmu can baya kusa da dutse, yana cewa shi da kogi sai dai gaisuwa daga nesa.

To a Agustan 2024 ruwa ya ci gidan nan, kuma ta baya ya zo mana.

Kwana 3 ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa ƙasa ta sha ta ƙoshi, ran na huɗun bayan isha'i sai sama ta ɓalle, irin ruwan nan da ko ɗaki ɗaya kuke da mutum sai ka ɗaga murya saboda ƙarar kwano. Wajen ƙarfe 2 na dare na ji wani gunji kaman tifa tana juye tsakuwa amma juyewar ta ƙi ƙarewa, ina cikin tunanin ko tsawa ce sai ga yayana Hamma yana dukan ƙofa yana cewa ku fito, ku fito, ku bar kaya. Ina sauke ƙafa daga gado na ji ni cikin ruwa har ƙauri, sanyi ƙarara, na haska fitilar waya na ga takalma da kwanuka suna yawo a tsakar ɗaki. Katangar baya ce ta fara tafiya, wadda ke kallon dutse. Mai ɗakina ta goya ƙaramin ta riƙe hannun babbar, ni kuma na ɗauki mahaifiyarmu Dada a baya dan ƙafarta ba ƙarfi, tana ta salati a kunnena, Hamma ya ruga ya kwance awaki amma bai samu ya kwance duka ba. Muka nufi firamare da ke kan tudu, tafiyar da ba ta fi minti 5 ba ranar sai da ta ci mana kusan rabin awa, dan abun ba ruwa kaɗai ba ne, yashi ne da duwatsu da guntayen itace suna dukan ƙafa a cikin duhu.

Wanda bai zauna a ginin ƙasa ba bai san yadda yake mutuwa ba. Ta ƙafa ruwa ke kama shi, ya lashi gindin ya ƙara lasa har ya yi laushi, sai ka ga katanga ta durƙusa a hankali kaman raƙumi. Kafin asuba ɗakuna 4 sun zauna, rumbu 2 sun tafi da sauran dawar bara, awaki 6 har yau ba labarinsu. Rai dai Alhamdulillahi ba a rasa ba, ko namu ko na maƙwabta. Abun da ya ɗaure min kai shi ne da gari ya waye muka ruga bakin kogi mu ga ɓarnar da ya yi, sai muka tarar da shi yana tafiyarsa a cikin gaɓarsa, ya cika dai sosai amma ko shinkafar fadama bai taɓa ba.

Zaman aji ba zan ja shi ba, sati 3 muka yi mu gida 9 a ajujuwa biyu, mata ɗaya maza ɗaya. Rijiyoyi sun gurɓace sai an tafasa ruwa, sauro kuwa ba a magana, ga macizai da ruwa ya koro, wani yaron maƙwabcinmu kububuwa ta sare shi yana tonon kwanukan uwarsa a ɓaraguzai, aka ɗauke shi a mashin aka sa a mota sai asibitin masu saran maciji na Kaltungo, Allah ya yi da sauran kwana ya dawo da ƙafarsa. Muna nan a ajin muka ji a rediyo dam ɗin Alau ya ɓalle ya shiga Maiduguri ran 10 ga Satumba, ranar kowa ya yi tsit, wata tsohuwa ta ce ashe namu wankan jego ne, aka yi ta musu addu'a.

Rigimar gida kuma ta taso a kan ina za a sake gini. Hamma ya ce laifin ginin ƙasa ne, a ci bashi a sayi siminti a zuba bulo a wurin da gidan yake shikenan. Dada ta ce ita ko bukka ce a kafa mata a wurin, nan aka binne mabiyiyarmu dukanmu, nan mijinta ya cika. Ni gaskiya a lokacin bayan Hamma nake. Bappa ne, ƙanin Babanmu, ya haura 70 kuma ya yi kiwo ya yi farauta a duwatsun nan tun yana yaro, ya saurare mu har muka gaji sannan ya ce kada wanda ya aza tubali ko ɗaya sai mun je mun ga gidan su ruwan nan, baƙon da ya shigo maka tsakar dare ai ka san daga ina ya taso. Hamma ya ce Bappa da wannan ƙafar taka za ka hau dutse? Ya ce da ita na hau tun ba a haife ka ba.

Mun tashi bayan sallar asuba mu 5, Bappa da Hamma da ni da samari biyu na maƙwabta. Kowa da sanda da gorar ruwa, na zuba ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara a leda, muka sa dogon takalmin roban nan na masu aikin shinkafa saboda ciyawa ta kai ƙirji kuma mun ga abun da ya samu yaron nan. Sharaɗin Bappa ɗaya ne, ba za mu bi hanyar mutane ba, hanyar ruwan za mu bi tun daga inda katangarmu ta faɗi har inda ta ƙare. Kuma wallahi a bayyane take kaman an share, farin yashi sabo ya kwanta, ciyawa duk ta kwanta ta kalli gari, saiwoyin itace a waje kaman jijiyoyin hannun tsoho. Duk inda muka zo gindin wata bishiya sai ya tsaya ya nuna da sanda, kun ga yayin can da ya maƙale a reshe, to nan ruwan ya kai. Wani wurin yayin ya fi kaina tsayi, na ɗaga hannu ban taɓo shi ba, jikina ya yi sanyi dan na tuna a cikin irin wannan na ratsa da Dada a baya.

Da muka fara hawa sosai sai kwarin ya matse, gefe da gefe dutse, kuma dutsen wajenmu na yashi ne, in ka murza shi da yatsa sai ya bar maka gari a hannu, har masu ilmin duwatsu da sunan Bima suke kiran irinsa. Daɗin takawa gare shi in ya bushe amma inda ruwa ke tsattsafowa ya yi gansakuka santsi ne kaman kuɓewa. Nan Bappa ya koya mana abubuwan da ban taɓa sani ba duk da a gindin dutsen na girma: kar ka kama ciyawa ka ja jikinka dan za ta tumɓuke da kai, kar ka sa hannu a kogo ko tsaga sai ka buga sanda tukuna, in gangaren ya yi tsaye ka taka a karkace kar ka fuskance shi, in na sama ya tunkuɗo dutse ya yi ihu. Mu da samarin nan sai mu yi gaba da sauri mu zauna muna haki, shi kuwa taku ɗaya yake yi bai ƙara bai rage, ya zo ya wuce mu muna zaune. Ya ce dutse da numfashi ake hawansa, ƙafa rakiya take yi.

Wajen rabin hawa ne muka fito wani fili da ya sa kowa yin shiru. Kututture ne ko ta ina, marke da ƙirya da taura duk an sare, ga ramukan gawayi baƙi ƙirin ɗaya bayan ɗaya, abun da ya rage tsaye sai hano da kukkuki dan su ba sa gawayin kirki. Ƙasar wurin ta tafi, dutse tsirara ya rage, ruwan da ya faɗo a nan ba abun da zai riƙe shi ko na minti ɗaya. Bappa ya zauna kan wani kututture ya ce lokacin da suke kawo shanu nan ba ka ganin rana sai ta take, gogo na bin su da ihu, rema na shan hantsi a kan duwatsu, kazar dutse kuwa har gajiya suke da ita. Ban ce komai ba dan na san buhun gawayin da ke madafinmu daga ina yake zuwa, kuma ƙasa kaɗan da wurin gonar gyaɗarmu ce da ni da Hamma muka faɗaɗa ta sama shekara 4 da suka wuce, muka ja kunyoyinta a miƙe bin gangare dan shanun huɗa sun fi jin sauƙi a haka. Kowace kunya ta zama lambatu. Da idona na ga inda suka haɗu suka zama rami har ƙugu.

Mun kai sama wajen ƙarfe 11. Mu dai mun taso muna jin labarin Bima a bakin tsofaffi, maganar Mahadi da mutanen da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru gabas har aka yi yaƙin Burmi a 1903, amma ban taɓa kawowa a raina duwatsun nan suna da wata magana da ɗakin kwanana ba sai ranar. Daga can komai a tafin hannu yake, ruwan dam yana ƙyalli kaman an shimfiɗa kwano sabo, kogi ya miƙe, shinkafa kore shar, motoci a hanyar Biu kaman tururuwa. Bappa bai bar mu mun shagala ba, ya ce ku juyo nan. Kwari 3 ne suka gangaro daga kafaɗun dutsen, suka haɗu a wuri ɗaya suka zama wanda muka biyo, sannan ya ce to ku bi layin bishiyoyin can da ido. Sai ga shi kuwa, tsamiya, kanya, ɓaure, wata tsamiyar, sun jeru sun yi layi a karkace sun ratsa tsakiyar gari har fadama, kuma tsamiyar ƙofar gidanmu da muke alfahari da inuwarta tana cikin layin, ta huɗu. A ƙasa shekara 30 da wani abu ina wuce su kullum ban taɓa ganin layi ba ne.

Ya ce wannan ƙorama ce, suna yara har rani ana tona yashinta a ɗebi ruwa. Farin 1973 ya rage ta, na 1984 ya ƙarasa ta, shekaru suka ja ba ta kawo ruwa ba sai yashi ya cike ta ta zama fili mai laushi mai daɗin gini ga inuwa, mutane suka bi suka gina, har da yayansa. Ya ce ruwa ko ya shekara 40 bai bi hanyarsa ba ai bai sayar da ita ba. Hamma ya daɗe tsaye yana kallo, can ya ce Bappa ko da kankare muka zuba kenan, Bappa ya ce da kankaren zai tafi ko ya bar muku shi ya shiga ta taga.

Saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba, gwiwa ke ɗaukan komai, sai la'asar muka iso. Na ɗauko bidiyon layin bishiyoyin a waya na kai wa Dada, na zata sai an sha fama, ta karɓa ta ƙura ido ta ce a ƙara mata, na ƙara, sai ta ce ai kuwa ina amarya na yi wanki a gindin kanyar can, ruwa na gudu. Ba ta ƙara cewa komai ba sai washegari ta ce wa Hamma ku nemi wurin, amma kar a sare min tsamiya.

Neman wuri ya ɗau lokaci. Muka je gun Jauro, mai garinmu, da Bappa a gaba, aka yi ta kai da komo har wani ɗan uwanmu ya yarda ya ba mu fakonsa na kan tudu kusa da firamare mu kuma mu yanka mishi wani ɓangare na fadamarmu. Da ciwo fa, dan fadama ita ce abinci, fako kuwa ko ƙaya da kyar take fita, amma aka rubuta takarda liman da mutum 4 suka sa hannu. Kafin a rubuta ɗin ma sai da Bappa ya sa muka jira ruwan ƙarshen damina sau biyu, ana ɗaukewa mu ruga mu ga ina ya kwanta ina ya bi, muka kafa turaku a inda ya fara bushewa, muka tona rami har gwiwa muka tarar da burji ja mai tauri. Shinkafar fadama da ta tsira ita muka girbe muka sayar da fiye da rabi, da ita da ɗan abun da 'yan uwa na Gombe suka haɗo aka sayi kwano da katako da siminti buhu kaɗan, dan lokacin buhu yana wasa kusa da dubu 10, ginin bulo gaba ɗaya ba namu ba ne.

Tubali sai da hunturu ya kama muka fara, a Disamba. Aikin ga yadda yake: a tona jar ƙasa a tara, a buɗe tsakiya a zuba ruwa ta kwana tana sha, da safe a shiga da ƙafa a yi ta takawa ana watsa yankakkiyar ciyawa da ƙaiƙayin shinkafa har ta kama jikinta, a rufe a bar ta kwana 3 ko 4 ta ruɓa, a sake takawa, sannan a fara bugawa da akwatin katako. Ruwan kuma a baro da jarkoki muke turo shi daga rijiya tun duhu. Shiga laka da asubar hunturu sai wanda ya yi, ƙafa ta mutu ka daina jinta, iska na yanka kunne, hazo ya rufe dutsen gaba ɗaya kaman babu shi, faso ya tsage mana dugadugai har jini, kullum da dare Dada na narka man kaɗanya tana ba mu muna cusawa. Bugun farko mun yi asara, guda wajen 200 suka tsattsage dan mun shanya su a fili iska ta busar da bayansu cikin bai bushe ba. Daga nan muka koma rufe su da ciyawa kwana 2 na farko sannan a buɗe a riƙa juya su, sati 2 sun yi ƙarfe.

A cikin wannan sanyin ne wani dare muna zagaye da wutar kara Autanmu ya kira ta WhatsApp. Yana karatu a Turkiyya, wani gari Erzurum can gabashin ƙasar a kan tsaunuka, tsayin wurin daga teku ya kusa mita 1,900. Muna mishi kukan sanyi waya na nuna 14, ya yi dariya ya juya kyamara waje. Jama'a fari fat ko ta ina, motoci sun nutse, mutane na kwashewa da shebur a ƙofar gida, ga abun yana ta saukowa shiru ba ƙara kaman audugar rimi in iska ta kaɗo ta. Mu ƙanƙarar da muka sani ai ta farkon damina ce mai faɗowa kaman tsakuwa ta huda ganyen masara yara su bi suna tsinta suna tsotsa, wannan kuwa dusa ce, ya damtsa a hannu ta dunƙule. Ya ce da dare sanyin yana wuce 20 ƙasa da sifili, kuma wadda ta sauka a kan tsaunuka nan za ta zauna wata da watanni ba ta narke ba. Dada ta ce to in ta narke ina take zuwa, ya ce Dada kogi take zama, wajen Afrilu da Mayu rafuka ke cika, kogin Furatu ma da kuke ji a wa'azi ɗaya daga cikin kawunansa daga tsaunukan nan yake tasowa, wani lokacin in zafi ya zo da wuri ta narke gaba ɗaya su ma ambaliya suke sha.

Bappa na gefe yana jin ɗumi bai ce uffan ba sai da aka kashe waya. Ya ce kun ji, su sanyi ke riƙe musu ruwa a kan dutse ya riƙa sako shi kaɗan kaɗan, mu da ba mu da sanyin itace da ciyawa ne ke riƙe mana, mun sare. In ba a mayar wa dutsen nan abun riƙo ba, ku kun tsira a tudu, sauran gida 8 fa? Ya ce yana saurayi ya kai shanu ƙasar Tula ta wajen Kaltungo ya ga yadda mutanen can ke noma a jikin dutse, sun jera duwatsu layi layi a gicciye kaman matakala, ruwa in ya zo sai ya tsaya ya ajiye ƙasar da ya ɗauko sannan ya tsiyaye ta tsakanin duwatsun.

Haka muka haɗa aiki biyu, Litinin zuwa Alhamis gini, Asabar dutse. Ginin dai harsashi muka tona har ya wuce gwiwa, kuma duwatsun da ruwa ya kwaso ya zube a tsohon gidanmu su muka turo a baro muka cika shi da su da siminti, aka ɗora bulon siminti layi 3 sama da ƙasa, aka shimfiɗa baƙar leda dan kar damshi ya hau, sannan tubalin ƙasa ya ci gaba har sama. Kafinta na ce mishi ya saki bakin kwano ya fito sosai ko da zai ƙara cin bandir, ya kare bango daga feshi, muka zagaye ɗakunan da dakali, rumbu kuma aka ɗora shi kan manyan duwatsu yadda kaza za ta wuce ta ƙarƙashi a tsaye.

Aikin dutse shi ne mai wuyar sha'ani dan na gayya ne. Jauro ya sa aka yi shela, Asabar ta farko mutum sun fi 20, mata suka dafa ɗanwake aka hau da shi, ta uku mun koma 8, wasu na cewa wahalar banza ce wa ya taɓa ɗaure ruwa da tsakuwa. Ban ga laifinsu sosai ba, rani ne kowa na neman na cefane, wasu sun tafi aikin shinkafar rani. Muka ci gaba da waɗanda suka rage. Sirrin abun shi ne layin ya kwanta daidai, in gefe ɗaya ya fi gangara ruwan zai taru can ya fasa. Da farin tiyon nan mai nuna ciki da magina ke gwada daidaiton gini muka yi awo, a cika shi da ruwa a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alama, mutum ɗaya ya tsaya ɗaya ya yi ta matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya kan alama ɗaya a duka biyun, a kafa turke, a ci gaba. Sai a tona ɗan rami bin turakun, manyan duwatsu a ƙasa ta ɓangaren gangare, ƙanana a cusa ta sama su toshe ƙofofi, tsayi kaman zuwa ƙauri, taku 20 a sake wani. Layi 11 muka samu yi a kan kwarin tsakiya da gonarmu, gonar kuma muka yi alkawari huɗar bana a gicciye za a yi ko shanu sun so ko sun ƙi. Jauro ya hana sara a kawunan kwarin 3, ana bi ana karyawa, dan maganar gaskiya mutumin da gawayi ne tuwon 'ya'yansa ba ka hana shi da baki kawai, wannan har yanzu ba mu san bakin zarenta ba kuma tana damuna.

Mun tare saura kwana 4 azumi, wanda aka ɗauka ran 1 ga Maris 2025, yaɓe ma bai gama bushewa ba. Da ruwa ya sauka muka bi bayan layukan muka dasa gamba da jema. Sai ga labarin ambaliyar Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen Mayu, tsoro ya dawo sabo, yarinyata in ta ji hadari sai ta ɗauko takalmanta ta rungume ta zauna bakin ƙofa.

Babban ruwan ya zo a Agusta, da dare kuma. Ba wanda ya runtsa, ni da Hamma muna zaure da fitila muna sauraron dutse. Gunjin ya zo amma a makare kuma bai kai na bara ba, gida 4 da suka rage a tsohuwar hanyar mun riga mun taso su sun kwana a firamare, ruwa ya shiga musu tsakar gida ya ci katanga ɗaya, ɗaki bai faɗi ba. Namu ko dakali bai hau ba. Da asuba na bi ta tsohon gidanmu na tarar ƙorama na gudu ta inda gadona yake a da, ta zagaye tsamiyar Dada ta wuce fadama. Na sa takalmin roba na hau ni kaɗai. Layi 3 sun fashe, duka a inda muka yi ganda muka sa ƙananan duwatsu a ƙasa dan manyan sun yi nisa, sauran 8 suna nan, na tura hannu bayan ɗaya na ji laka mai laushi ta taru har ta rufe min yatsu zuwa wuyan hannu, gambar da muka dasa ta kama ta yi kore.

Yanzu kaka ta wuce iska ta fara juyawa, mun sa Asabar ta biyu bayan an gama sussuka za mu koma, mutum 14 sun ce za su zo har da biyu cikin masu cewa wahalar banza ce. Bappa gwiwa ta hana shi hawa bana, jiya da yamma ya zana mana kwarin 3 a ƙasa da sandarsa ya nuna na hagu ya ce daga nan za ku fara, sama da ramukan gawayi, kuma manyan duwatsun ko da nisa ku gangaro da su. Tsohon tiyon rana ta cinye shi ya tsage, gobe in na shiga Gombe zan sayo wani.